Rigar Juma'a a Rumfar Bappa

Duk Asabar nakan gan shi a kasuwar Sabon Gari: dogo, kafaɗa duk kanta, da alama leburan hanyar jirgin ƙasa ne. Yana rungume da rigar saƙi kamar jariri. A rumfar Bappa mai karɓar jingina yake ajiye ta, ya karɓi sule biyu, ya nufi 'yan hatsi. Ina zaton iyalinsa da yawa. Ran Alhamis, in an biya leburori, sai ya fanso ta don masallaci.

Yau Bappa yana tsokanarsa: "Samari, ba ka gajiya?"

Ya kece da dariya. "Baba, a ɗakina gara za ta cinye ta. Kai kuwa har turare kake sa mata!"