Ramuka Bakwai a Bangon Baba Siman

Baba Siman mutumin Panda ne, kuma noman doya ya gada. Lokacin da Abuja ta fara tasowa ya ajiye fartanya ya hau motar leburori. Shekara huɗu yana ɗaukar kwanon kankare a ka kafin a yarda ya taɓa rodi. Daga baya ya dawo Keffi ya zauna, ya zama wanda ake nema idan za a yi zubi. Ba ya karanta zanen gini sosai, amma a shekara talatin babu ginin da ya taɓa ba shi kunya.

Sai a damunar da ta wuce aka aiko kiransa Gangaren Tudu, gidan Hajiya Zubaidatu mai ba ɗalibai haya. Shekara shida kafin nan ya zuba mata ƙaton bangon kankare a bayan gidan, wanda ke tare ƙasar tudu kada ta rufto wa ɗakuna. Yanzu bangon yana gumi, filasta ta tsattsage, ma'aikatan gwamnati sun zo sun shafa masa jan fenti, alamar a rushe. Magana kuwa ta riga ta zaga unguwa, wai Siman ya rage rodi.

Hajiya ta ce ba za a fasa mata bango a kan jita-jita ba. Aka ɗauko Injiniya Caroline daga Abuja, mai na'urorin duba cikin kankare ba tare da an fasa shi ba.

"Baba, kai ka zuba?" in ji ta.

"Ni ne, 'yata. In kin samu rashin gaskiya a ciki, ki faɗa a gaban kowa."

Ta zana layuka da alli. Ta ɗauko wata na'ura kamar dutsen guga tana gogawa a jikin bangon, rodi na bayyana a allo ɗaya bayan ɗaya, a jere, babu giɓi. Ta kankare filasta, ta gwada ƙarfin kankaren da wata guduma mai nuna lamba, ta gyaɗa kai. Baba Siman ya fara numfashi.

Sannan ta fito da mai aika sauti cikin bango ta saurari dawowarsa. Da ta zo ƙasa-ƙasa sai ta tsaya.

"Nan akwai rami."

Ta matsa gaba. "Nan ma."

Guda bakwai ta kewaye da alli. Tsoho ya zauna a kan bulo. Rami a cikin kankare, ai ba a cusa zubin da kyau ba ke nan, kuma laifin magini ne. Ya zuba wa da'irorin ido. Can ya lura duk a layi ɗaya suke. Ya tashi ya auna da ƙafa: taku biyu, taku biyu, taku biyu.

"Hajiya! Ina bututun da na sa na fitar ruwa?"

Hajiya ta gyara mayafi ta kalli sama. "Waɗannan ƙofofin macizan? Ai tun shekarar farko yaran nan suka ce sun ga wutsiya. Na sa aka toshe da siminti, aka shafe."

"Haba Hajiya! Bango yana jin fitsari shekara biyar, kin hana shi!"

Caroline ta yi dariya har ta dafa bangon. Ta ba shi izini, ya sa kurfi da guduma a da'ira ta farko. Bugu uku, toshiyar ta faɗo, jan ruwa ya yi tsartuwa ya jiƙa masa wando. Kafin la'asar bakwai ɗin duk suna zuba.

Injiniya ta rubuta cewa kankare lafiya, rodi cikakke, tsagar a filasta kaɗai take. Ta karanta da ƙarfi, don maƙwabta sun cika ƙofar gida.

"To, macizan fa, Siman?" in ji Hajiya.

"Raga zan sa miki. Wanda ya wuce raga kuma, ki ba shi ɗaki."

Ya matse ƙafar wandonsa, ya bi ta tsakiyar unguwa zuwa gida, a hankali, yana amsa gaisuwa.