Audugar da Na Bari Ta Bushe

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga watan Maris, Allah ya karɓi ran Malam, mai kula da ɗakin ajiyar duwatsu na sashenmu a jami'a, wanda ɗalibai ke kira Baban Duwatsu. Ya rasu a asibiti bayan jinyar mako biyar.

Malam, har yanzu idan na rufe ido ina ganin ranar da ka fara buɗe mini ƙaramar durowar ƙarfen nan, ina sabuwar malama. Ka ja labule da tsakar rana, ka kunna fitilarka mai shuɗin haske, sai wani ɗan dutse rawaya a cikin kwalba ya kama walƙiya, kore shar, kamar ba a duniyar nan aka yi shi ba. Na'urar auna tururinsa mai cutarwa, wanda ido ba ya gani, tana ta ƙas-ƙas a gefe. Ka ce sunansa otunait, jikan baƙin dutsen yuraniyam ne da ke kwance can cikin ƙasa. Ruwan sama ne ke tsiyaya ta tsagar duwatsu shekara dubbai, yana lasar baƙin a hankali, ya je ya ajiye abin da ya ɗauko falle-falle kamar ɓawon albasa. Ka ce, "Ruwa ne ya haife shi, 'yata, kuma akwai ruwa a jikinsa. In ya bushe, sai ya dushe ya marmashe." Shi ya sa kowace Litinin kake jiƙa 'yar auduga ka sa masa a kwalbar. Muna yi maka tsiya, wai ka samu jariri da tsufa. Kai dai sai murmushi.

Ban manta ba, da na samu juna biyu ka karɓe makullin durowar daga hannuna, ko ƙofar ɗakin ka hana ni tsayawa, don kada tururin dutsen ya taɓa cikin. Na yi fushi, wallahi, na ce ka raina ni. Wata tara kana ɗaukar darasina na ɗakin, ba ka taɓa yi mini gori ba.

Ranar da za a kwantar da kai ka damƙa mini makullin nan, ka ce amana ce. Mako biyu na cika amanar. Daga nan jarrabawa ta taso, yau da gobe, na sha'afa. Zuwana na ƙarshe, muryarka da ƙyar take fita, ka ce, "Kin ba shi ruwa?" Na ce, "Na ba shi, Malam." Ka lumshe ido, hankalinka kwance. Ƙarya na yi maka, kuma abin yana cina.

Jiya na buɗe durowar. Audugar ta bushe ƙayau. Gefen dutsen ya dushe, 'yan ɓarɓashi sun zuba a gindin kwalbar, kuma na san abin da ya fita ba ya komawa. Na ja labule, na kunna fitilarka. Malam, ya haska. Har ɓarɓashin da suka zube suna haske. Na zauna a kujerarka na yi kukan da ban iya yi ba ranar da aka kai ka.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Mama uwargidansa, da ƙannena 'ya'yansa, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa. Ku da ya bari, ina roƙon ku yafe mini a madadinsa. Na jiƙa audugar, Malam, ko da yake Litinin ba ta yi ba.