An Canja wa Jitar Heber Tsirkiya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, matarka Mirta ta kira ni a waya ta ce ka rasu, Heber Techera. Na ce mata to, ina zuwa, sannan na koma ƙarƙashin motar da nake gyarawa na ci gaba da ɗaure noti. Sai da na gama na wanke hannu maganar ta shige ni. Har yau ban san abin da ya sa na yi haka ba, kuma tun ranar kaina bai dawo daidai ba.

Mutanen garinmu Paysandú, a ƙasar Uruguay, sun san ka da jita, ni kuwa na fi sanin ƙeyarka, domin shekara talatin da ɗoriya ina zaune a bayanka ina dukan ganguna. Mun fara da ƙungiyar Karnukan Tasha, muna kiɗan rok a zauren ma'aikatan jirgin ƙasa, ladanmu gasasshen nama da abin sha. Ƙungiyar ta watse kan rigimar lasifika, muka kafa wata, ita ma ta watse, muka kafa ta uku da mutanen ta farko. Sunanmu bai taɓa haye kogin da ke gefen garinmu ba. Sau ɗaya aka gayyace ka Montevideo, babban birni, kai kaɗai, aka ce a can za a ba ka ƙwararrun makaɗa. Ka ce musu ba ka iya kiɗa da wanda ba ya kuskure ba. Mun yi maka faɗa, a zuci kuwa kowa ya ji daɗi.

Waƙoƙinka kyauta kake raba su. Mawaƙi zai zo ya ce yana da taro ba shi da sabuwar waƙa, ka zaunar da shi ka miƙa masa mate, shayin ganyen ƙasarmu, kafin ruwan ya huce ka ba shi ɗaya. Lokacin da matata ta rasu, duk yamma sai ka zo gareji ka zauna kan tsohuwar taya, ba jita, ba wa'azi, har na rufe. Ban taɓa yi maka godiya ba, ga shi yanzu ina yi inda ba za ka ce in rufe maka baki ba.

Jitarka ta farko wuyanta a karkace yake, ba ta karɓar ɗaurin da kowa ke yi wa tsirkiya. Sai ka ƙirƙiro naka ɗaurin, ka koyi kiɗa a kansa, ka yi duk waƙoƙinka da shi. Ko da ka sayi mai kyau ba ka canja ba. Duk wanda ya ari jitarka sai ya mayar da ita da sauri, ya ce aljanu ne a ciki. Ba ka rubuta ɗaurin ba, ba ka koya wa kowa ba. Idan za ka daidaita tsirkiya a dandamali sai ka juya wa jama'a baya, wato ka fuskance ni.

Na taɓa ce maka, "Wai me kake ɓoyewa ne, maigida?"

Ka ce, "Kai dai Ƙato, ji da dukan fatarka. Me makaɗin ganga ya sani ban da ciwon kai?"

A watannin jinyarka ka yi wa Mirta waƙa. Ba a ɗauke ta a faifai ba. Ka kaɗa mana ita a falo, ni da 'yarka Noelia, ka ce kada uwarta ta ji tukuna. Noelia ta iya jita, ta kuma zuba wa yatsunka ido har ta haddace inda kowanne yake sauka.

Ranar zaman makoki, kafin a binne ka, Mirta ta so a ajiye jitar kusa da gawarka. Ta ga tsirkiyoyin sun yi tsatsa, ta ji kunyar mutane su gani, ta ba ƙanenta Aníbal mai kiɗa a coci. Bawan Allah ya goge ta tas, ya sa sababbin tsirkiyoyi, ya ɗaure su yadda duniya ke ɗaurewa. Ya tare ni a ƙofa yana cewa, "Ka ga yadda aka bar ta a hargitse? Na gyara masa ita." Na rasa ko in rungume shi ko in shaƙe shi. Na rungume shi.

Bayan an binne ka Noelia ta ɗora yatsunta inda kake ɗorawa, abin da ya fito ba waƙa ba ne. Ta zo gareji da jitar ta ce, "Baffa, kai kaɗai yake fuskanta in yana ɗauri. Wace yake sassautawa, wace yake ja?"

Heber, na rufe ido na nemi hannunka, ban gan shi ba. Fuskarka kawai nake gani, kana ɗaga min gira, kana gwada min wanda ya bugu a sahun gaba. Ashe duk shekarun nan ban taɓa kallon hannunka ba.

Tun daga ranar take zuwa tana murɗa kunnuwan jitar tana tambayata, "Haka ne, Baffa?" In ce e, in sake cewa a'a. Jiya ta kaɗa wani abu, hawaye suka zubo min. Tana ganin haka ta ce, "Shi ke nan, mun same ta." Ni kuwa ban sani ba ko waƙar ce ta dawo, ko kuwa kewarka ce ta ci ƙarfina. Na buɗe baki zan faɗa mata, na ga yadda take murna, na fasa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mirta da Noelia, da Aníbal da har yanzu ba a gaya masa komai ba, da duk wanda ya taɓa rawa a gabanka. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu, ya ba iyalinka haƙurin rashi.

Ranar Asabar za mu kaɗa wa Mirta waƙar a zauren ma'aikata, za a ce mata taka ce, ita kuma za ta yarda. Idan ba ita ba ce, Heber, ka yafe mana.