Jatau na Ostiraliya da Kakata

A gidanmu na Vénissieux, kusa da Lyon a Faransa, babu tsakar gida, babu murhu, babu wurin shimfiɗa tabarma a kalli taurari. Can sama muke cikin dogayen benayen unguwar Minguettes, inda asansar, na'urar hawa bene, ke lalacewa duk ranar da mutum ya fi ɗauko kaya. Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo daga Damagaram don a duba mata ido a Lyon, aka gama aikin ido, ita kuwa ta yi zamanta. Sanyin ƙasar ne kawai ba ta taɓa yafe wa ba. Baba ya sayo mata ɗan shofaj na ɗumama ɗaki, mai jan ƙarfe, ta sa masa suna "wutata". Bayan sallar isha'i sai ta jawo shi tsakiyar ɗaki, ta miƙa masa tafin ƙafa, ni da ƙanena Sani mu zauna gefe da gefe kamar ana gasa mu.

Da farko tatsuniyoyin gida take ba mu. Sai tele ta shiga tsakani.

A waɗannan shekarun akwai wata tasha da ke nuna shirin wani ɗan wasan barkwanci na Ostiraliya gab da magariba, an ɗora masa muryar Faransanci. Dogon mutum ne, ja, mai manyan haƙora. Shi ke tarbar baƙi a shirin, ya zaunar da su, ya yi musu tambaya, kafin su amsa ya faɗo daga kujera. Wani lokaci ya fito da shigar tsohuwa, da jaka a hannu, yana faɗa da kowa. Kaka ba ta jin Faransanci ko na gaisuwa, don haka aikin tafinta ya faɗo kaina.

"Rabi, me ya ce?"

Sai in natsu in fara fassara dalla-dalla. Kafin in kai tsakiyar zance ta riga ta kwashe da dariya, tana share hawaye da bakin mayafi. "Ƙyale shi, na gane. Wannan Jatau ba shi da kunya!" Daga nan sunansa ya zama Jatau. Ni kuwa in koma gefe ina cika ina batsewa, saboda ni yarinya ce mai son a yi abu daidai. In an tambaye ni, ina so a tsaya a ji amsa.

Sani ba haka yake ba. Shi duk abin da ya gani sai ya kwaikwaya: tafiyar mai gadin bene, tarin maƙwabcinmu ɗan Cadi, yadda nake gyara tabarau in ina karatu. Kaka tana kiransa angona, ta ce Allah ya haɗa ta da miji mahaukaci. Wata rana a lakwal ya tashi gaban aji yana kwaikwayon mushen lissafi, wato malaminsu, bai san mutumin na tsaye bakin ƙofa ba. Aka kira Baba daga wurin aiki. Baba direban injin ɗaga kaya ne a wani babban sito, mutum ne da ba ya son a kira shi ofis ko don alheri. Ya dawo gida bai daki kowa ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce in an yi bakans, wato babban hutun makaranta, Sani zai tafi Damagaram wurin Baffa Issufu, kuma ba zai dawo ba sai ya yi hankali. Mama ta shige kicin tana kuka. Kaka ta ci gaba da jan carbinta kamar ba a gabanta aka yi ba.

A daren nan ta jawo wutarta, ta ce mini in bar ƙofar falo a buɗe, wai iska ta yi mata kaɗan. Ita da ke toshe ƙasan ƙofa da tsumma! Baba na zaune a falon, ya juya mana baya.

"Ku matso, ga wata nan tafe da ƙafarta," in ji ta. "Ta Jatau ce."

Ta ce uban Jatau makiyayi ne a can ƙarshen duniya, mai tumaki da ba sa ƙirguwa. Yaron nan kuwa bai iya kiwo ba. In an tura shi daji sai ya tsaya gaban garke yana kwaikwayon tafiyar ubansa, tumaki su bar ciyawa su yi ta dariya har su rame. Uban ya gaji, ya ɗaura masa ƙunshin guzuri ya kore shi. Jatau ya shiga birni, ya kwana a tasha, ya yi wasa a bakin kasuwa ana jefa masa ɓawon lemo. Sannu a hankali mutane suka fara tsayawa. Daga kasuwa aka kai shi ɗakin wasa, daga ɗakin wasa aka sa shi cikin akwatin tele, manyan ƙasa suna bin layi don ya yi musu dariya a fuska.

"Kaka," na ce, "ba a faɗi haka a shirin ba. Ni nake fassara miki."

"Ke aka haifa a Ostiraliya ko ni?"

"Ai ba wadda aka haifa a can a cikinmu."

"To ki yi shiru, mun yi daidai."

Haka aka yi ta yi, dare bayan dare. Labarin ba ya zama wuri ɗaya. Yau uban na da tumaki, gobe raƙuma. Wata rana Jatau maraya ne, kashegari uwarsa ta tashi ta dama masa fura. Duk lokacin da na nuna mata ta sauya, sai ta ce ni matsalata kunne ya yi mini yawa. Sani kuwa ya miƙe ya yi uban, ya yi tumakin, ya yi Jataun, ita tana tafa masa. Ba wanda ya damu da cewa tunkiya ba ta dariya. Abu ɗaya ne bai taɓa sauyawa ba, kuma in ta zo wurin sai ta ɗaga murya. Uban ya tsufa, gidansa ya yi tsit, ba mai motsi sai iska. Ya shiga gidan maƙwabci ya ga ɗansa a tele, jama'a na ta dariya, shi kaɗai ya kasa. Ya miƙa hannu zai taɓa fuskar yaron, ya ji gilashi.

"Ta ƙare a nan," ta kan ce. "Wanda bai yarda ba, hanyar Ostiraliya a buɗe take."

Wani dare, ana daidai wurin gilashin, Baba ya taso ya tsaya bakin ƙofa.

"Inna, na ji," ya ce. "Don Allah a bar tumakin nan su huta."

"Ni da jikokina nake, Mamman. Wa ya sa da kai?"

Bakans ya zo ya wuce, ba a ƙara tada maganar Damagaram ba. Aka sa Sani a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa, bisa sharaɗin ya bar malamai su yi aikinsu.

Bayan na girma na koma Paris karatu, na zauna na binciki tarihin mutumin nan. A birni aka haife shi, ubansa ma'aikacin ofis ne, ba wanda ya kore shi daga ko'ina. Da wasan ɗalibai ya fara, ya daɗe yana ƙananan fitowa a fina-finan ban dariya kafin a ba shi shirin kansa, da ya gaji da tele ya koma dandali. Ko tunkiya ɗaya babu. Lokacin Kaka ta riga ta koma Damagaram, ƙafafu sun yi nauyi. Na buga mata waya, muka gaisa, na zayyana mata komai ina jin daɗin raina.

Ta saurara har na gama. Ta ce, "Wa ya aike ki?"

Haushi ya kama ni, na yi tambayar da ta daɗe tana cin raina. Na ce duk shekarun nan, Sani ya samu tatsuniya sukutum tasa, ni da nake fassara, nake kawo sakamako mai kyau, ko guntuwa ba a taɓa yi mini ba.

"Ke wa ya ce zai kore ki?" in ji ta. Daga nan ta shiga tambayar ko ina cin abinci.

Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Sani yanzu yana wasa a ƙananan ɗakunan Paris, yana kuma gabatar da wani shiri a wata ƙaramar tasha. In ya yi wasa a Lyon, Baba ke fara isa, da babbar riga, a layin gaba. Ni ina aikin ofis a Bobigny, ina duba takardun mutane ina gyara musu kuskure, abin da na iya tun ina ƙarama.

Na fahimci abin da tsohuwar ta yi. Ba za ta iya tsawata wa ɗanta a gaban 'ya'yansa ba, ba za ta kuma zuba ido a raba yaro da uwarsa ba, sai ta ari baƙon da ba zai taɓa jin labari ba ta ɗora masa maganar. Dabara ce mai kyau, ta kuma yi aiki. Amma fahimta ba ta kashe mini haushin ba, kuma na daina yi wa kaina faɗa a kan haka. Gaskiya ne ba wanda ya ce zai kore ni. Sai dai yaron da ba ya ba kowa wahala, shi ma yana so wata rana a zauna a shirga ƙarya dominsa.