Tsahara Mai Saiwa da Ganyen Bakin Gulbi

Duk wanda ya saba da kasuwar Maraɗi a shekarun bayan Taron Ƙasa, wanda ya kawo mulkin jam'iyyu, ya san Tsahara mai saiwa. Daga Jiratawa take zuwa bisa kabu-kabu, buhu a cinya, tana yi wa mai babur faɗa ya rage gudu. Gajeruwa ce, in ta yi dariya har da hawaye. Ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma ko an rufe mata ido, da shinshina take faɗin sunan icce.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. In mace ta raɗa mata cewa ta ji ƙullutu a nono, sai ta ture buhun gefe.

"Wannan ba nawa ba ne, ɗiyata. Tashi mu tafi likita."

Da ƙafarta take raka su.

Shekarar da yajin aiki ya rufe jami'a a Yamai, ɗiyarta Zuliha, mai karatun kimiyya, ta dawo gida tana zaman banza. Tsahara ta miƙa mata kwando, suka riƙa bin bakin gulbi har wajen Tibiri. Can ta nuna mata wani ɗan tsiro da tata kakar ke dakawa a shafa wa kumburi. Tsahara dai "kunnen gafiya" take ce mishi. Zuliha ta shanya ganyen, ta adana.

Bayan shekara huɗu, Zuliha na karatu a ƙasar waje, wasiƙarta ta iso wa Tsahara. Mushe Gado, tsohon malamin lakwal da ke saida littattafai kusa da rumfarta, shi ya karanta mata.

"Ta ce sun tace ruwan ganyen, sun ɗiga kan ƙwayoyin dajin nono da suke reno a faranti, wasu sun daina yaɗuwa."

"Reno? Cutar ake reno, Mushe? Har da ba ta abinci?"

"Haka ta rubuta. Ta kuma ce kada ki ba kowa, wai faranti daban, jikin mutum daban. Aiki na nan da sauran tafiya."

Tsahara ta yi dariya har kallabinta ya zame.

"Ji ɗiyar da na goya! Rubuta mata, ka ce na ji, ba zan ba kowa ba. Ta aiko mini hoton farantin, in ga abin da idona. Kuma ta riƙa cin abinci, kada ta ciyar da cuta ita ta rame."

Hoton ya zo bayan salla: ɗige-ɗige shuɗi da ja, birjik. Tsahara ta liƙa shi jikin rumfa. Ran kasuwa wata Hajiya daga Zariya ta tsaya ta ƙura mishi ido, ta ce wannan zanen atamfa ya yi mata, a wane shago ake samunsa?