Bugun Fanaretin da Ya Ci Mini Ido

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne mai ji da ƙarfi, ina ɗinki a Limawa, nan cikin Dutse. Da yamma in na rufe shago sai in rataya usur in je in yi wa samari alƙalancin ƙwallo. An shaide ni da rashin son kai, shi ya sa aka gayyace ni wajejen Kiyawa in busa wasan ƙarshe tsakanin wasu ƙauyuka biyu da ba sa ga maciji da juna.

Ana dab da tashi, mai tsaron bayan masu gida ya kwashe ƙafar ɗan wasan baƙi a gaban raga. Na busa fanareti. Ban ko sauke hannu ba 'yan kallo suka ɓarke cikin fili. Wani ya shaƙe ni da wuyan rigata, wani ya sauke mini gora a gadon baya, na kife, suka rufe ni da tattaka. Ina ƙoƙarin miƙewa dutse ya same ni a idon hagu. Na ji kamar wani abu ya fashe a cikin kaina, komai ya koma ja. Wani dattijo ne ya kwanta a kaina yana haɗa su da Allah, har shi ma ya sha gora kafin su watse.

A asibiti likita ta ce jini ne ya taru a cikin ƙwayar idon. Ta gargaɗe ni cewa ko ya washe, bugun na iya lalata 'yan hanyoyin da ruwan cikin ido ke fita. Ruwan zai riƙa taruwa yana matse jijiyar gani, yana hana jini isa gare ta, har ta mutu a hankali ba tare da zafi ba. Ta ce in riƙa zuwa awo. Da jinin ya washe na ga ina zura zare a allura, sai na ɗauka magana ta ƙare.

Shekaru suka shuɗe. Na fara tuntuɓe da kujeru, ina karo da gefen ƙofa, maiɗakina tana cewa gaggawa ce ta yi mini yawa. Ran nan ina tsallaka titi babur ya kwashe ni ta hagu, ya karya mini haƙarƙari. Wallahi ban gan shi ba sam. Da aka auna idon aka ce hawan jinin ido ne, wato gilakoma, ya cinye ganin gefen tun tuni, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu maganin ɗigawa nake sa wa kullum don tsare ɗan abin da ya rage.

Na fahimci rashin ciwo ba shi ne lafiya ba. Duk wanda ya taɓa samun bugu a ido, don Allah ya riƙa zuwa awo ko da yana gani tangaram. Ku kuma samari, ku ji tsoron Allah a filin wasa. Wanda ya jefe ni ƙila ya manta ma an yi wasan, ni kuwa sai na juya kai gaba ɗaya nake ganin ɗiyata in ta zauna a haguna.