Jarfar Hannun Kakata

Maƙwabciyata a nan Samaru ta fara sana'ar sabulu. Duk ranar da ta jiƙa soda ta juye a man alayyadi, warin nan mai yaji yakan tsallako katanga ya same ni a tsakar gida, sai in ga na ajiye abin da ke hannuna. Wataƙila kai mai karatu ba ka san wannan wari ba. Ni a cikinsa na girma, kuma ban taɓa jinsa ban tuna da kakata ba.

A Sabon Gari muka tashi, can wajen Muchia, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakiya. Mahaifina a gonar jami'a yake aiki, tun da sassafe yake hawa keke ya nufi Samaru. Mahaifiyata malamar firamare ce. Saboda haka kakata, wadda ta haifi mahaifina, ita ke yini da mu. Daga ƙauyenmu na kudancin Kaduna aka ɗauko ta bayan rasuwar mijinta, ta zo da sana'arta ta dafa sabulu. Matan gidan, Ibo da Yarabawa, duk Mama suke kiranta. Ita ba ta jin turancinsu na kasuwa, su kuma Hausarsu ta ciniki ce kawai, amma ban taɓa ganin hira ta gagare su ba.

Kakata tana da jarfa a hannuwanta biyu, daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Layuka ne sirara da ɗige-ɗige, baƙaƙe masu ɗan sirkin kore, wasu a jere kamar kunyoyin gona, wasu kamar tsani. In tana juya sabulu da muciya, sai fatar ta motsa, zanen ya yi kamar yana tafiya. Tana budurwa aka yi mata, tun bishara ba ta kai duwatsunsu ba. Wata tsohuwa ce ta tsaga da aska, ta shafa baƙin tukunya. Rana ɗaya aka yi musu ita da yayarta. Ta ce a cinyar yayar ta kifa kai saboda zafi, kuma yayar ce ta zaɓar mata zanen hannun hagu, irin nata sak. Wannan yaya ta rasu a haihuwar fari. Babu hotonta, kabarinta ma daji ya cinye.

Da girmanta aka yi wa kakata baftisma, a rafi. Ba ta iya karatu ba, amma waƙoƙin sujada duk suna kanta. Ita ke kaɗa tulu a zumuntar mata ta coci, hannuwa a buɗe, ba ta taɓa tunanin ɓoye su ba. Ranar jibin Ubangiji kuwa, wato ranar da ake karɓar gurasa da ƙoƙo, ba ta karyawa sai an dawo daga coci.

Ina ajin ƙarshe na firamare aka kawo mana sabon fasto. Matashi ne, bai daɗe da fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki ba, kuma zan faɗi gaskiya, mutumin kirki ne. A ƙafa yake zaga marasa lafiya ko ana ruwa. A lokacin ne samari, musamman ɗalibai, suka fara zuwa sujada da zane a damtse, irin wanda suke gani a finafinai, abin yana damunsa. Wata Lahadi da damina, ruwa na dukan kwanon rufi har sai da ya ɗaga murya, ya karanta inda Tsohon Alkawari ya hana tsaga jiki da yi masa zane. Ya ce jikin mai bi haikali ne, ba allon rubutu ba. Ya ce duk mai ɗauke da tambarin Shaiɗan a fatarsa ya binciki kansa kafin ya miƙa hannu ga teburin Ubangiji. Bencin samari yake kallo. Amma ni ina zaune kusa da kakata, na ga lokacin da ta jawo mayafinta a hankali ta rufe hannuwanta.

Daga ranar ta daina kaɗa tulu. Ta sa tela ya ɗinka mata riga mai dogon hannu. Da jibi ya zagayo, faranti ya zo gabanta, sai ta sunkuyar da kai har ya wuce.

Mahaifina ya zauna da ita a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Mama, ba da ke ake ba. Da yaran nan ake."

Ta ce, "Ni ma da kunnena na je."

Ya yi ta bayani, ya ce a wurin da faston ya karanta akwai dokoki da yawa da aka ba mutanen dā waɗanda ba mai bin su yau. Mahaifiyata ta ce abin da aka yi wa mutum cikin rashin sani ba a tuhumarsa da shi. Kakata ta saurare su har suka gama, sannan ta faɗi abin da ke cinta. Ta ce ranar da aka yi musu jarfar an yanka kaza, kuma tsohuwar tana ta motsa baki tana faɗin wasu kalmomi. "Ban san wa ta ba hannuwan nan ba," in ji ta. "In ba nawa ba ne, da me zan karɓi gurasar?"



Ranar Asabar ɗin da jibin Ubangiji na gaba zai kama washegari, ta aike ni kasuwa sayo gishiri da rana tsaka, bayan an ɗauke ruwa. Da na dawo ban gan ta a gindin murhu ba. A bayan kicin na same ta zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta naɗe hannunta na dama da tsumma, kwanon ruwan soda yana gefenta. Ba kuka take yi ba. Gumi ne ke zuba daga goshinta, tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa, haƙora a cije. Na tsaya da ƙullin gishiri ban gane ba, sai da na ga launin tsumman. Da ruwan sodar ta jiƙa shi don ya cinye jarfar. Kukana ne ya fito da matar ɗakin da ke kusa da namu, wata mai sayar da garin rogo. Ita ta ja kakata zuwa famfo, ta warware tsumman, ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwa tana ta kiran sunan Yesu. Fatar ta biyo tsumman.

A asibiti, bayan an ɗaure hannun, mahaifina ya tambaye ta me ya sa. Ba wannan ta amsa ba. Ta ce, "Na ɗauki tsumma na biyu zan sa wa na hagun, na kasa. Ka ga ke nan na fi son yayata da Ubangijina." Wannan ne ya sa ta kuka, ba ƙunar ba.

Mahaifina ya so ya kai ƙara gaban dattawan ikilisiya, ta hana shi. Da yamma faston ya zo da kansa. Aka ba shi kujera, ya ƙi, ya durƙusa a bakin gado. Ya kalli bandejin. Sannan ya roƙa ta nuna masa ɗaya hannun, ta nuna, ta ba shi labarin yayarta da na kazar.

Ya ce, "Mama, ranar da aka yi muku baftisma, da hannuwan nan kuka shiga ruwa?"

Ta ce, "Da su."

"Da su kuka fito?"

"Da su mana."

Ya ce, "To wanda ya karɓe ku ran nan ya gan su, kuma bai ce ku bar su a bakin rafi ba. Ko wa tsohuwar ta ba, an riga an fanshe su. Ni ne na yi magana ban duba waɗanda ke gabana ba. Ku gafarce ni."

Washegari bayan sujada ya dawo da gurasa da ƙoƙo a cikin ɗan kwando. Hannun dama yana ɗaure, don haka da na hagu ta karɓa.

Kada ka ɗauka faston ya canja ra'ayi. Har aka yi masa canjin wuri yana gargaɗin samari a kan zanen jiki, sai dai ban ƙara jin ya ambaci tambarin Shaiɗan ba. Hannun kakata ya warke amma ya ƙage, yatsun ba sa lanƙwasuwa. Ba ta ƙara kaɗa tulu ba, sabulun ma ta bari. Ta koma riga mai gajeren hannu, tabo mai sheƙi a dama, jarfa a hagu, haka ta zauna da mu har Ubangiji ya kira ta.

Yanzu a Samaru shago guda ake buɗewa don zanen jiki, da injin lantarki, kusa da masu aski. Har yau kuma ana gardamar a cocinmu. Wasu sun ce dokar ta wuce, zuciya ake dubawa. Wasu sun ce jikin ba namu ba ne da za mu yi masa yadda muka ga dama. Ina jin nauyin maganar kowannensu, kuma ban kai ga yanke hukunci ba.

A bazarar da ta wuce autana, wanda ke jami'a, ya dawo gida da zanen ɗan gicciye a wuyan hannu. Ya ce don ya riƙa tuna masa ko shi wane ne in yana cikin abokai. Na san rabin maganar gaskiya ce, rabi kuma yayi ne, na kuma gaya masa da ya tambaye ni da ban yarda ba. Mahaifinsa, wanda dattijon ikilisiya ne, ya daina amsa gaisuwarsa, ya ce sai ya cire. Yaron ya zo ya same ni a kicin, ya ce an nuna masa wani a Sabon Gari mai cirewa da wani ruwan magani. Na kashe risho. Na zaunar da shi da mahaifinsa, na ba su wannan labari da na ba ka, wanda ban taɓa faɗa dalla-dalla ba ko ga mijina. Na ce a yi ta gardamar har ƙarshen rayuwarmu, na yarda, amma ba a ƙara ƙona fatar kowa a gidan da nake.

Ran Lahadi yaron ya fito da riga mai dogon hannu cikin zafin nan, ya ɓalla maɓalli har wuyan hannu. Mahaifinsa yana bakin ƙofa yana ɗaura agogo. Ya dube shi, sannan ya ce, "Je ka canja riga. Ban yarda da abin ba, amma ba za ka shiga gidan Allah kana ɓuya ba."